Koyon Sana'a a Ƙauyukanmu: A Rubuta, a Sa Hannu, a Kai Gaban Hukuma

'Yan'uwa manoma, noman yau yana tafiya ne da ƙarfe. Garmar shanu, injin ban ruwa, injin niƙa, injin casa, famfon rijiya, babur, har da farantin wutar sola a bisa jinka, duka suna bukatar mai gyara. In injin ban ruwa ya tsaya a tsakiyar rani, tumatir ba zai jira makaniken da ke zuwa daga birni ranar kasuwa ba. Ga kuma samarinmu da 'yan matanmu da yawa sun gama makaranta suna zaune, waɗansu sun tafi cin rani ba su komo ba. Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da kowace ƙungiyar gama kai za ta shirya koyon sana'a da kanta, ta kuma shirya shi bisa dokar ƙasa.

Koyon sana'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Uba yakan kama hannun ɗansa ya kai shi wurin maƙeri ko kafinta ko tela, ya ce, ga amana. Wannan hanya ta fitar da gwanaye masu yawa, ba mu raina ta ba. Amma kowa ya san inda take yoyo. Ba a faɗi ranar gamawa ba, saboda haka yaro yakan yi shekara bakwai ko takwas yana jiran maigida ya ga dama ya yaye shi. Ba a faɗi abin da za a koya masa ba, sai ya ƙare a ɗiban ruwa da aike da noman gonar maigida. In ya ji rauni a wurin aiki, gardama ta tashi a kan wanda zai biya magani. Maigida ma yana da nasa kuka: ya ciyar da yaro shekara biyu, da hannunsa ya fara faɗawa sai ya gudu. A ƙarshe, ko yaron ya ƙware, ba shi da takardar da zai nuna a inda ba a san maigidansa ba.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa ba su san cewa gwamnati ta yi doka a kan wannan al'amari ba. Dokar Ƙwadago ta 1974, daga sashi na 49 zuwa na 53, ta yi magana a kan 'yan koyo. Ga manyan abubuwan da ke ciki.

Yarjejeniyar koyon sana'a dole ta zama a rubuce, kuma ba ta da ƙarfi sai jami'in ƙwadago mai izini ya amince ya sa hannu a kanta. Tsawon koyo ba zai wuce shekara 5 ba. Wanda ya kai shekara 16 yana iya shiga yarjejeniya da kansa. Wanda ya wuce 12 amma bai kai 16 ba, iyayensa ne za su sa shi, ko mai riƙonsa in maraya ne, kuma sai da yardar yaron.

Kafin jami'in ya sa hannu, sai ya tabbata ba a tilasta wa yaron ba, ba a kuma ruɗe shi ba. Sai likita ya duba shi ya shaida lafiyarsa za ta ɗauki aikin. Sai takardar ta nuna yadda za a riƙa ba shi abin hannu, da yadda abin zai riƙa ƙaruwa yayin da yake ci gaba, da abin da zai samu in ya kwanta ciwo. In wurin koyon ya yi nisa har ba ya iya kwana a gida, dole a rubuta yadda zai sami abinci da tufafi da wurin kwana da magani. In kuwa wa'adi ya cika maigida ya ci gaba da riƙe shi ba tare da shirin albashi ba, yaron yana da ikon neman ladan aikinsa daidai da yadda ake biyan masu irin wannan aiki.

Ku dubi waɗannan sharuɗɗa da kyau. Kowane ɗaya yana toshe ɗaya daga cikin ramukan da muka lissafta a sama. Babu wani abu a ciki da uba mai hankali ba zai so wa ɗansa ba, ko maigida mai gaskiya zai ji tsoronsa.

A kan shekaru muna da ƙarin magana. Ko da yake dokar 1974 ta buɗe ƙofa tun daga shekara 12, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 a makaranta, wato firamare da ƙaramar sakandare. Shawararmu ita ce kada wata ƙungiya ta karɓi yaron da bai gama aji uku na ƙaramar sakandare ba. Makaniken da bai iya karanta lambar kayan gyara ba, da kafintan da bai iya lissafin awo ba, kullum a ƙarƙashin wani za su zauna.

Masu ƙin wannan shawara

Waɗansu dattawa za su ce takarda tana ɓata zumunci, ai ba a kai amana gaban hukuma. Muna jin wannan magana da girmamawa. Amma mu tambayi kanmu: bashin taki da ƙungiya take bayarwa, ba a littafi muke rubuta shi ba? Ba domin muna zargin juna da sata muke rubutawa ba, sai domin mutum mai mantuwa ne, kuma mai mutuwa ne. In maigida ya rasu a shekara ta biyu, wa zai faɗi abin da aka shirya? Abin da ya fi ɓata zumunci shi ne gardamar da babu shaida a cikinta.

Waɗansu kuma za su ce wannan doka don kamfanonin birni aka yi ta, ofishin leba yana babban birnin jiha, maƙerin ƙauye ba zai rufe maƙerarsa ya biya kuɗin mota saboda yaro ɗaya ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa ba a cika bin dokar a karkara ba. Amma nan ne amfanin gama kai yake. Abin da ya fi ƙarfin maƙeri ɗaya bai fi ƙarfin ƙungiya ba. Sakatare ɗaya yana iya ɗaukar takardun yara goma a tafiya ɗaya, ko ƙungiyoyin gunduma su haɗu su gayyaci jami'in ya zo ranar da aka sa. A ƙasar Jamus, inda aka yi dokar koyon sana'a a 1969, ƙungiyoyin masu sana'a da na 'yan kasuwa su ne suke rajistar yarjejeniya, su kuma shirya jarrabawa, ɗan koyo yana raba mako tsakanin wurin aiki da makaranta. Ba za mu iya kwafe dukan tsarinsu ba, amma darasin ya ishe mu: tsakanin maigida da gwamnati akwai ƙungiya mai riƙe littafi.

Yadda za mu fara

Na ɗaya, ƙungiya ta zauna ta lissafta ayyukan da ake fitar da kuɗi waje dominsu. Wannan lissafi shi zai nuna sana'ar da za a fara da ita. Ba dabara ba ce a yaye teloli goma a ƙauyen da babu mai gyaran famfo ko ɗaya.

Na biyu, a zaɓi masu koyarwa da idon basira. Gwaninta kaɗai ba ta isa ba. A duba halin mutum, a duba ko yana da kayan aiki da isashen aiki da yaro zai sa hannu a ciki. Kada a tara wa mutum ɗaya yara fiye da yadda zai iya lura da su.

Na uku, a rubuta abin da za a koya daki daki, wata shida shida. Misali, mai koyon gyaran injin ban ruwa: da fari sanin kayan aiki da canjin mai da wanke kafireto, daga baya kwance inji da haɗa shi. A ba kowane yaro ɗan littafi inda maigida zai sa hannu a kan abin da ya iya. Mutum biyu daga kwamiti su riƙa ziyara bayan kowane wata uku, su yi magana da yaron shi kaɗai.

Na huɗu, a keɓe yamma ɗaya a mako domin karatu da lissafi da riƙon littafin ciniki. Malamin makaranta da ya yi ritaya zai iya wannan aiki.

Na biyar, a kai yaro ga jarrabawa. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai daraja uku: ana farawa da ta uku, sai ta biyu, sai ta ɗaya wadda ita ce babba. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, tana lura da tsarin takardun shaidar ƙwarewa na ƙasa, wanda ya yarda a gwada mutum a kan abin da ya koya a wurin aiki ko da bai shiga makarantar sana'a ba. Wannan ya shafi masu koyarwa ma. A kiyaye da masu cewa a kawo kuɗi su kawo satifiket ba jarrabawa. Takardar da hannu bai iya kare ta ba abin kunya ce ga mai ita.

Na shida, a ƙwanƙwasa ƙofofin da gwamnati ta riga ta gina. Asusun ITF, wanda aka kafa a 1971, hedkwatarsa tana Jos. Hukumar NDE, wadda aka kafa a 1986, ta daɗe tana rarraba matasa ga masu sana'a domin koyo. Ƙungiya mai rajista da takardu a shirye ta fi mutum ɗaya samun mai sauraronta a irin waɗannan ofisoshi. Amma kada mu jingina shirinmu a kan taimakon da bai zo ba tukuna.

Na bakwai, a tuna da ranar yaye tun ranar farawa. Yaron da ya gama ba shi da ko sifana zai koma birni yin aikin lada. A kowace kaka a ware wani abu daga amfanin ƙungiya, a sayi kayan aiki a ba shi rance, ya biya sannu a hankali.

A cikin dukan wannan kada a bar 'yan mata a baya, kada kuma a tsare su a ɗinki da saƙa kaɗai. Gyaran waya da haɗa wutar sola da kula da injin niƙa ba su fi ƙarfinsu ba. In yarinya za ta kwana a gidan koyo, matan ƙungiya su je su ga wurin da idonsu kafin a sa hannu.

Ba sai an fara da yara hamsin ba. Biyu ko uku da aka rubuta yarjejeniyarsu daidai, aka bi su har jarrabawa, sun isa su nuna wa sauran iyaye hanya. Muna roƙon shugabanni su sa wannan magana a cikin taro mai zuwa, a kira masu sana'a na gari su zauna tare da mu, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a sayar da amfanin bana, bari kowace ƙungiya ta san sana'ar da za ta fara da ita, da wanda zai koyar, da wanda zai ɗauki takardu zuwa ofishin leba.