Ruwan Ikara da Galma: Kafin Masauki, a Fara da Rigar Ruwa

A ƙasashen bakin teku irin su Ingila da Amurka, akwai wani salon hutu da ya samu karɓuwa. Abokai ko iyali kan kama ɗan gida a gefen ruwa, su fita ayari cikin kayak, ƙaramin kwale-kwalen nan da aka gada daga mutanen Inuwit, mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, wanda ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Mashigan da suke bi suna cika suna janyewa sau biyu a rana tare da teku, shi ya sa ba sa fita sai sun duba jadawalin ruwa, kowa da rigar ruwa a jikinsa.

Ikara da Makarfi da Kudan ba su da teku, amma ba su rasa ruwa ba. Akwai madatsar Gimbawa a Ikara, da madatsar Galma a Kubau mai maƙwabtaka, ga kuma fadamun da suke raya raken Makarfi da Kudan. An saba kallon wannan ruwa ta fuska uku kawai: sha, noman rani da su. Ya kamata a ƙara ta huɗu, wato shaƙatawa, muddin an bi matakan da suka dace daki-daki.

Matakin farko tsaron rai ne. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi ya wuce ƙima, rigunan ruwa kuma babu. Ruwan madatsa kwance yake, kwanciyar tasa ce ke yaudarar mutane, domin ƙarƙashinsa akwai zurfi da laka da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. A nan fita cikin ayari take da amfani: idan jirgi ɗaya ya kife, akwai na kusa da zai kawo ɗauki. Akwai kuma tsargiya, cutar fitsarin jini da ƙananan dodon koɗi suke yaɗawa a ruwan da ba ya gudu. Wajibi ne jami'an lafiya su bincika wuri kafin a gayyaci baƙi.

Mataki na biyu shi ne a bar jagoranci a hannun masu ruwa. Ƙasar Hausa ba baƙuwar filafili ba ce. Bikin Argungu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya ƙunshi tseren kwale-kwale, kuma sarautar Sarkin Ruwa tsohuwa ce. Masuntan da suka san inda ruwa yake da rami da lokacin da iska take tashi su ne suka cancanci zama jagororin ayari, a horar da su aikin ceto, a biya su haƙƙinsu. In aka kawo baƙin ma'aikata aka ture su gefe, an sayi rigima da kuɗi.

Masauki shi ne na ƙarshe, kuma ƙarami ya fi. Otal ɗin tafkin Bagauda a Kano ya yi tashe a zamaninsa, daga baya ya koma harabar Makarantar Horar da Lauyoyi. Babban gini yana cin kuɗin kulawa ko da baƙi ko babu. Ɗakuna huɗu ko biyar na jar ƙasa, da masallaci, da sashen iyali, da lantarkin hasken rana, sun isa gwaji, kuma ba za su fi ƙarfin ƙungiyar gari ba.

Masu suka za su ce yankin da ke fama da matsalar tsaro da tsadar taki ba shi da lokacin wasan ruwa. Maganarsu tana da nauyi, kuma babu baƙon da zai kwana inda hankalinsa bai kwanta ba. Sai dai matakai biyun farko ba sa jiran ɗan yawon buɗe ido. Rigar ruwa da koyar da iyo da horar da masunta za su amfani yaran ƙauyukan bakin ruwa tun daga daminar bana. Ƙananan hukumomin uku za su iya farawa da wannan, masaukin kuwa ya biyo baya idan ma'aikatan Zariya da Kano sun fara tambayar wurin kwana.