WAI MASU ƊAUKAR HOTON JIRGI MAHAUKATA NE?

'Yan uwana mata, akwai wani hali namu da ke ba ni haushi. Duk abin da ba mu saba gani ba, sai mu ce hauka ne. A Ingila akwai mutanen da ke zuwa tashar jirgin ƙasa tun da asuba cikin sanyi, da kyamara a wuya, suna jiran wani kan jirgi ya wuce su ɗauki hotonsa, su rubuta lambarsa a ɗan littafi. Da an ba mu labarinsu sai shewa: "Oh ni 'yasu, Turawa da rashin aikin yi!"

To ku tsaya ku ji aikin da suka yi. A 1968 aka daina ja da jirage masu tururi a manyan layukan Ingila, aka tura injinan wurin masu yankan ƙarfe. Waɗannan da muke wa dariya su suka haɗa kuɗi, suka fanso guda 213 daga juji ɗaya kawai a garin Barry. Da yawansu an gyara, yau yara na hawa suna kallo. A Amurka wani mai hoto, Winston Link, ya bi jiragen tururi na ƙarshe daga 1955 zuwa 1960, yawanci da dare da fitilu. Jiragen sun tafi, hotunan na nan, har gidan tarihi aka yi musu.

Mu fa? Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930. Jirgin nan shi ya kwashe dalar gyada zuwa Ikko. Shi ya kai amare gidajen mazansu, ya kai fatake Kurmi, ya dawo da goro. Akwai wani ɗan ƙaramin layi daga Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957. Don Allah ki buɗe akwatin hotunan gidanku, ko na kakarki. Hoton biki, hoton suna, hoton Sallah an jingina da motar wani. Ina hoton tashar garinku? In ɗanki ya ce, "Umma, yaya jirgin kwal yake?" me za ki nuna masa?

Na san za a ce a da kyamara ta masu kuɗi ce. Na yarda. Yau fa da kowace ke da waya a hannu? A wuni guda sai yarinya ta ɗauki fuskarta sau hamsin, amma tsohon tarago na ruɓewa a bayan unguwarsu, awaki na kwana ciki, ba ta taɓa ɗaga waya ta kalle shi ba. Ranar da 'yan jari bola suka yanka shi, shi ke nan, sai dai labari.

Ban ce ki hau kan layin dogo don hoto ba. Wannan ganganci ne, jirgi ba ya cin birki kamar mota. Ki tsaya nesa, a tasha kuma ki nemi izinin ma'aikata. Ki ɗauka, ki wanke, ki rubuta rana da wuri a bayansa. In kuna da tsohon ma'aikacin reluwe a dangi, ki ɗauke shi shi ma, ki tambaye shi sunayen tashoshi tun yana da rai.

Wanda ya adana nasa ba mahaukaci ba ne. Mu da muka bar namu ya ci tsatsa muna dariya, mu ya kamata a tambaya ko lafiyarmu ƙalau.