Aduwa Da Katantanwar Tsargiya: Abin Dubawa Ga Manoman Potiskum

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya san ƙauyukan ƙasar Potiskum, irin su Ngojin, ya san amfanin kududdufi bayan damina. Nan ake wanki, nan ake shayar da dabbobi, nan yara ke iyo. Amma kuma a irin wannan ruwa ne ƙananan katantanwa ke hayayyafa, su ne kuwa masu rainon ƙwayar tsargiya, ciwon da ke sa yara fitsarin jini.

Maganin Praziquantel da ake raba wa 'yan makaranta yana kashe tsutsar da ke jikin mutum, amma ba ya taɓa katantanwa. Yaro ya warke yau, gobe ya koma ruwa ya sake ɗauka. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddada cewa a haɗa rabon magani da yaƙi da katantanwa. Maganin da aka saba zubawa a ruwa, wato Niclosamide, daga waje ake sayo shi, ga tsada, ga shi yana kashe kifi.

To, ina mafita? Tun 1933 wani likita Bature mai suna Archibald ya nuna a ƙasar Sudan cewa 'ya'yan aduwa suna kashe katantanwar tsargiya. A 1964 kuma Dokta Aklilu Lemma na Habasha ya lura da matattun katantanwa a inda mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro mai suna endod. Sirrin duka biyun shi ne wani sinadari mai kumfa kamar sabulu. A Asiya masu kiwon jatan lande suna zuba tunkuzar irin shayi a tafkunansu, ta kashe katantanwa da kifayen da ba a so, ta bar jatan landen.

Nan fa gizo ke saƙa. Mu kifi muke ci, tarwada muke kiwo, sinadarin nan kuwa bai bar kifi ba. Manomin da ya jiƙa aduwa ya antaya a tafkinsa ba awo, zai wayi gari ya tarar da jarinsa yana yawo a kan ruwa. Dabarar ita ce a zuba kafin a saka kifi, a dakata har ƙarfinta ya kwanta.

Aduwa ba ta yi mana ƙaranci ba a Yobe. Abin da ya rage shi ne awo: nawa za a zuba, a wane wata, kwana nawa za a jira. Wannan aiki ne na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu da Ma'aikatun Lafiya da Gona, su gwada su sanar da malaman gona. Kafin nan, kada kowa ya gwada a ruwan da jama'a ke sha.