Daga Juana ta Meksiko Zuwa Teresa ta Omdurman

A shekara ta 2016 gidan talabijin na Canal Once da ke ƙasar Meksiko ya fitar da wasan kwaikwayo mai kashi 7 cikin harshen Sifaniyanci, mai suna Juana Inés. Labarin wata Sista ce ta ɗarikar Katolika, mawallafiyar waƙoƙi, wadda ta yi zamani lokacin da Sifaniyawa ke mulkin ƙasar. Akwai masu bi da ba sa son jin irin wannan labari ko kaɗan. A ganinsu duk wasan da ya nuna shugabannin ikilisiya suna danne mace, makircin magabta ne, a kashe akwatin kawai. Waɗannan 'yan'uwa suna da himma, amma sun yi kuskure, kuma mata ne ke shan wahalar kuskuren.

Gaskiya ne masu shirya wasa sukan ƙara gishiri domin jan hankalin 'yan kallo, wannan ma bai tsira ba. Amma kashin bayan labarin ba ƙage ba ne. Juana ta shiga gidan zuhudu na San Jerónimo a birnin Meksiko a 1669, ta tara littattafai masu yawa, ta yi suna har ƙasar Sifen. A 1690 Bishop na Puebla ya buga wata takardarta, ya haɗa da wasiƙar gargaɗi wadda ya sa wa sunan mace, yana ce mata ta rage karatun duniya. A 1691 ta ba da amsa, ta kāre hakkin mace na neman ilimi, tana kafa hujja da matan Littafi Mai Tsarki. Kafin 1694 ta ƙare an raba ta da littattafanta, alƙalaminta ya bushe. Ta rasu ran 17 ga Afrilu 1695, tana jinyar 'yan'uwanta Sistoci cikin annoba. Ba mai wasan kwaikwayo ne ya rufe mata baki ba, limaman ikilisiyarta ne.

Mai yiwuwa wani ya ce Meksiko da nisa, kuma abin ya daɗe. To, a dawo kusa, a zo Sudan, ƙasar da alhazan ƙasar Hausa suka bi da ƙafa zuwa Makka, inda zuriyarsu ke zaune har yau. A can akwai labarin wata Sista wanda ya fi na Juana ɗaci.

Teresa Grigolini 'yar Italiya ce, tana cikin Sistocin farko da Bishop Daniel Comboni ya kai Sudan aikin bishara. Comboni ya rasu a Khartum a 1881. A Janairu 1883 rundunar Mahadi ta ci garin El Obeid, aka kama Teresa da abokan aikinta. An matsa musu ƙwarai su bar bangaskiyarsu. Domin kada a rarraba su cikin gidajen mayaƙa, sai aka ɗaura musu auren suna da waɗansu Helenawa da ke tsare tare da su. Bayan faɗuwar Khartum a Janairu 1885 aka zaunar da su a Omdurman, babban birnin mulkin Mahadiyya. Shekaru suka wuce ba haihuwa, mahukunta suka fara zato auren yaudara ne, ran kowa ya shiga hatsari. A 1890 Teresa ta yarda aurenta ya zama na gaske, a gaban Fada Joseph Ohrwalder, domin sauran su tsira. Ta ba da abin da ta fi ƙauna a duniya, wato alkawarin da ta yi wa Ubangiji na zaman zuhudu.

A dubi yadda aka sāka wa kowa. A 1891 Fada Ohrwalder ya tsere zuwa Masar tare da Sistoci biyu, littafinsa ya fito a 1892, Turai ta karɓe shi kamar jarumi. Teresa kuwa ta zauna a Omdurman, matar aure mai 'ya'ya, har sojojin Kitchener suka ci garin a Satumba 1898. Da ƙofa ta buɗe, ba ta tarar da guɗa ba. Hanyar komawa zuhudu ta toshe, mutanenta da yawa suka riƙa yi mata kallon wadda ta fāɗi. Ta rasu a Italiya a 1931. Sai a 1995 aka kai ƙasusuwanta makabartar 'yan'uwanta Sistoci a Verona. Shekara 64 kafin a ba ta wurin kwanciya cikin nata dangi!

Masu cewa a rufa asiri sukan ce faɗin irin wannan yana ba marasa bi abin dariya. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye zunubin Dawuda ba, bai ɓoye musun Bitrus ba. Shi ne ya ba da labarin Hulda, annabiyar da Sarki Yosiya ya aika a nemi maganar Allah daga bakinta, da na Maryamu 'yar'uwar Marta wadda Yesu ya hana a tashe ta daga wurin koyo. Ikilisiyar da ke karanta wannan ran Lahadi, ta kuma cire 'ya mace daga makaranta ran Litinin domin ƙanenta ya ci gaba, ita ce ke ba da abin dariya.

Batun Teresa kuwa bai tsufa ba. Tun da aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a Afrilu 2014, waɗansu sun komo gida da goyo a baya. Haka matan ƙauyuka da dama da 'yan bindiga suka tsare. An yi azumi da addu'a domin su dawo, Allah ya amsa. Me ya biyo baya? A waɗansu wurare raɗa ce a bakin rijiya, da matsawa gefe a benci, da kiran jariri da mugun suna. Wanda bai taɓa kwana ɗaya a hannun mai bindiga ba, shi ne ke auna tsarkin wadda ta shekara a can. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Saboda haka, dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata su bar fushi da akwatin talabijin, su duba rajistar majami'arsu. Yarinyar da ke da kai, a biya mata kuɗin makaranta. Matar da ta komo daga bauta, a tarye ta a bakin ƙofa, a ba ta wurinta a teburin Jibin Ubangiji, a karɓi ɗanta kamar kowane ɗa. Kada a jira shekara 64. Ubangiji ya ba jama'arsa zuciyar tuba tun waɗannan mata suna da rai. Amin.