Koyar da Motsa Jiki Sana'a Ce ga 'Ya'yanmu Mata, Amma Sai da Ilimi

Da wuya ki zo awo ki koma gida ba ki ji an ce miki "ki riƙa motsa jiki" ba. Kin amsa da to, kin ɗauki katinki kin tafi. To amma wane irin motsi? Na minti nawa? Wa zai tsaya ya nuna miki, ya kuma ce ki dakata idan abin ya yi yawa? Ungozoma tana da layin mata a gabanta, ba za ta bi ki gida ba. Idan kika leƙa Dandalin Murtala da sassafe za ki tarar da masu sassarfa da masu atisaye, sai dai yawancinsu maza ne. Mace mai juna biyu daga Unguwar Shanu ko Badarawa ko Kawo ba za ta saki jiki a cikinsu ba, maigidanta ma ba lallai ya amince ba.

Wannan giɓi shi ya sa nake so mu tattauna, da ke da maigida da iyaye. Ra'ayina shi ne Kaduna tana buƙatar mata masu koyar da motsa jiki, waɗanda za su shiga gidaje su kula da masu ciki da masu jego. Sana'a ce ta halal, kuma ya kamata a bar 'ya'yanmu mata su shige ta. Sharaɗin guda ne: a koye ta sosai kafin a taɓa jikin kowa.

Bari mu fara da amfanin abin. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa duk mai ciki da mai jego da ba ta da wata matsala ta samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato kamar tafiya da ɗan sauri ta minti 30 sau 5. Hukumar ta ce hakan yana rage haɗarin hawan jini na ciki, da ciwon sukari na ciki, da ƙibar da ta wuce kima, da ƙuncin rai bayan haihuwa, kuma ba ya rage nauyin jariri. Iyayenmu mata sun sami nasu rabon a wajen daka da surfe da ɗibar ruwa. Yau inji ke yin niƙa, keke napep ke kai mu kasuwa, mata da yawa a birni kuma a zaune suke wuni, a ofis ko a shago ko a falo. Abin da aikin gida ya daina bayarwa, dole a nemo shi da gangan.

To me ya sa na nace a kan ilimi? Saboda jikin mai ciki ba jikin kowa ba ne. Jininki yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, zuciya tana ƙara aiki, jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi suna saki, nauyi ya koma gaba har faɗuwa ta yi sauƙi. Mai koyarwa ta gari ta san cewa bayan wata 3 na farko ba a barin mai ciki ta daɗe a kwance rigingine tana atisaye, domin mahaifa tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Ta san ba a yi a cikin tsananin zafi irin na watan Maris da Afrilu, sai da sanyin safiya ko la'asar sakaliya, da ruwan sha a kusa. Ta san ma'auni mai sauƙi: idan kina motsi amma kina iya magana, daidai ne, idan haki ya hana ki magana, an wuce gona da iri. Ta kuma iya koyar da matse naman ƙasan mara, atisayen da wani likitan mata ɗan Amurka mai suna Arnold Kegel ya bayyana a 1948, wanda ke taimakawa wajen hana ɗigar fitsari idan an yi tari ko atishawa.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne ta san lokacin da za ta ce a'a. Akwai matan da motsa jiki bai dace da su ba sai da izinin likita: wadda mabiyiya ta tare bakin mahaifarta, wadda aka ɗaure wa bakin mahaifa, mai zubar jini, mai hawan jinin da ke iya kaiwa ga jijjiga, mai ƙarancin jini sosai, da mai ciwon zuciya. Akwai kuma alamomin da ke nufin a tsaya nan take a nufi asibiti: ganin jini, fashewar faya, ciwon mara mai zuwa yana dawowa kamar naƙuda, jiri, ciwon ƙirji, matsanancin ciwon kai, ko kumburi da ciwo a ƙwauri ɗaya.

Mu a nan arewa muna da wani ƙarin dalili. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka gano cewa gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi yawa a tsakanin matan Zariya da kewaye, suka kuma danganta hakan da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Ki kwatanta mai jegon da ke haki, ƙafafunta sun kumbura, ta faɗa hannun wadda ba ta da sani, aka ce mata ai ƙiba ce, ta ƙara himma. Wannan ganganci ne da rai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa, kuma a yau kowa na iya sayen kayan wasanni, ya ɗora bidiyo a TikTok ko Instagram, ya kira kansa koci.

Saboda haka idan 'yarki ko ƙanwarki ta nuna sha'awar wannan sana'a, ga hanyar da nake ganin ta dace. Ta fara da karatu. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, inda ake yin digiri. Kwalejojin ilimi suna ba da takardar NCE a wannan fanni cikin shekara 3. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas mai horar da masu koyar da wasanni. Bayan haka ta nemi horo a kan agajin gaggawa, irin wanda ƙungiyar Red Cross ke bayarwa, sannan ta nemi ƙarin sani na musamman a kan masu ciki da masu jego, ta yi aiki a ƙarƙashin wadda ta riga ta gogewa kafin ta tsaya da ƙafarta. Wadda ta riga ta karanci aikin jinya ko ungozoma, rabin tafiyar ta ƙare mata.

Ta kuma san iyakarta. Mai koyar da motsa jiki ba likita ba ce, ba ta rubuta magani, ba ta sayar da shayin rage tumbi. Ba ta kuma zama ɗaya da ma'aikatan gashi da motsa gaɓoɓi da ake kira fisiyo ba, waɗanda ke yin karatun shekara 5 ko fiye a wurare irin su Jami'ar Bayero ta Kano, suna aiki da lasisin hukuma. Duk matar da ke da ciwon baya mai tsanani, ko naman cikinta ya rabe bayan haihuwa, wajensu za a tura ta.

Batun jari kuwa, bai kai yadda ake tsammani ba. Ba sai an buɗe katafaren gidan motsa jiki mai injuna ba. Tsakar gida mai inuwa ko falo mai iska, da shimfiɗa mai laushi, da kujeru, da agogo, sun isa a fara da mata 5 ko 6 na unguwa ɗaya, kowace ta biya a mako ko a wata. Ta ajiye littafi ta rubuta watan cikin kowace mace da abin da likitanta ya ce. Idan abu ya kankama sai ta yi rajistar sunan sana'arta. Amana ita ce babban jarinta, domin mace ɗaya da ta ji daɗi za ta kawo mata goma a wajen suna.

Na san wani uban zai ce wannan ba aikin 'ya mace ba ne. Malam, ka tambayi kanka: wa kake so ya koya wa matarka ko 'yarka motsa jiki idan likita ya ce ta yi? Idan amsarka mace ce 'yar'uwarta, to dole wani gida ya bar 'yarsa ta koya. Haka aka yi ta fama a kan aikin jinya a da, ga shi yau kowa addu'a yake ya tarar da mace a ɗakin haihuwa.

Ke kuma uwargida, kafin ki ba kowace mai koyarwa amanar jikinki, ki yi mata tambaya uku. A ina kika yi karatu? Wace alama ce za ta sa ki tsayar da ni? Kina buƙatar jin ta bakin likitana? Wadda ba ta tambaye ki katin awonki ba, wadda ta yi miki alkawarin ciki zai lafe cikin mako 2, ko ta ce ki fara tsalle kafin a duba ki a mako na 6 bayan haihuwa, balle idan tiyata aka yi miki, ki rabu da ita. Kafin ki sami ta gari, ki tambayi ungozoma a awonki na gaba ko akwai abin da zai hana ki tafiya. Idan ta ce babu, ki fara da minti 10 a rana, ki riƙa ƙarawa a hankali, maigida ya raka ki idan da hali. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya raba lafiya, Ya ba mu masu albarka.