Filin Mata: 'Yata Tana So Ta Tafi Koyarwa Gambiya

 

Makon jiya na sami takarda daga wata uwa a Zariya, ta roƙe ni kada in faɗi sunanta. Ta ce 'yarta malamar firamare ce, shekara biyar ke nan tana koyarwa. Yanzu wata ƙungiya ta masu aikin sa kai ta zaɓe ta ta tafi ƙasar Gambiya har shekara biyu, ta koya wa yara ilmin muhalli. Uban ya ce shi bai hana ba, sai abin da uwar ta gani. Ita kuwa uwar barci ya gagare ta. Ta ce, "Yaya zan saki budurwa ta tafi ƙasar da ba mu da kowa, a kan aikin da ba shi da albashin kirki? Kuma mene ne ma ilmin muhallin nan, da har za a hau jirgin sama dominsa?"

Na ga ya fi kyau in amsa mata a wannan fili, don na san cikin 'yan makaranta masu karanta mu akwai waɗanda ransu ke biya musu irin wannan tafiya.

Da fari dai, ilmin muhalli ba baƙon abu ba ne gare mu. Shi ne sanin ƙasa da ruwa da iska da itatuwa da dabbobin da muke zaune tare da su, da yadda hannun mutum ke gyara su ko ya ɓata su. Ke da kika ga itacen girki yana ƙara tsada kowace shekara, kika ga rijiyar gidanku tana ƙafewa tun bazara ba ta yi nisa ba, ai kin riga kin fara karatun.

Shi ma aikin sa kai a wata ƙasa ba yau aka fara shi ba. An kafa ƙungiyar VSO a Ingila a 1958, Shugaba Kenedi na Amurka kuma ya kafa Peace Corps a 1961. Samari da 'yan matansu sun zo sun koyar a makarantun Nijeriya da Nijar, iyayenmu da yawa sun yi karatu a hannunsu. Su ma fa suna da uwaye, sun kuwa sake su. A 1987 Gwamnatin Nijeriya ta kafa nata shirin, wanda ake kira TAC, tana aika malamai da likitoci da sauran masu sana'a su yi shekara biyu a ƙasashen da suka nemi taimako. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mun ci moriyar 'ya'yan wasu, to ba abin kunya ba ne wasu su ci moriyar namu.

Gambiya ƙaramar ƙasa ce a bakin teku, Sanagal ta kewaye ta gabas da kudu da arewa. Banjul ne babban birninta. Yawancin mutanenta Musulmi ne, akwai Mandinka da Fulani da Wolof, da Turanci kuma ake karatu a makaranta. Kogi ɗaya ne ya ratsa ta tun daga gabas har teku, mata suna noman shinkafa a fadamunsa. Da rani ruwan gishiri yakan hauro daga teku ya shiga kogin da nisa, inda ya kwanta kuwa shinkafa ba ta yi. A bakin kogin akwai wasu itatuwa masu tsirowa cikin ruwan gishiri. Saiwoyinsu ne maɓoyar ƙananan kifaye, su ne kuma ke riƙe gaɓa kada ruwa ya cinye ta. In an sare su don girki, kifi ya ragu, gaɓa ta zube. Kun ga ke nan damuwarsu ta yi kama da tamu, amma ba iri ɗaya ba ce.

Bari in ba ku labarin wata mace ta can. Sunanta Isatu Sise, watau A'ishatu a wajenmu, mutuniyar ƙauyen Njau. Ta ga leda ta cika gari, awaki suna ci, tana cushe musu tumbi har su mutu. Ruwa kuma yana kwanciya a cikinta sauro ya hayayyafa. A 1997 ita da wasu mata huɗu suka fara tsince ledar, su wanke, su yanka siri-siri, su saƙa jakar kuɗi da kwarashi su sayar. Akwai wata baƙuwa 'yar sa kai daga Amurka da ta taimake su a farko. Mutane sun yi musu dariya, sun ce sun zama masu tonon juji. Amma aikin ya yaɗu har mata da yawa suka sami abin hannu, a 2015 kuma Gwamnatin Gambiya ta hana amfani da jakar leda. Ku lura, baƙuwar ta koma ƙasarsu, aikin bai mutu ba, domin a hannun 'yan gari yake. Da ɗan gari akan ci gari.

To, Malama, ke mai tafiya, ga shawarata. Watan farko ki yawaita saurare, ki rage magana. Ki koyi gaisuwa da harshen garin, ki tambayi tsofaffi sunan kowane itace da amfaninsa. Kada ki shiga aji ke kaɗai. Ki nemi malamar garin ku koyar tare, domin ita za ta zauna bayan kin dawo.

Kuma kada ki cika yara da rubutun allo. Gani ya kori ji. Ki sa su binne ɓawon ayaba da leda a rami biyu, bayan wata guda su tone: ɓawon ya ruɓe ya zama taki, leda tana nan yadda take. Ki cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya da ciyawa ɗaya babu, ki karkata su ki zuba ruwa, su ga wanne ne ruwa ke kwashe wa ƙasa. Ki ɗaura leda mai haske a reshe mai ganye da safe, da azahar za su ga ɗigon ruwa a ciki, su gane itace yana jawo ruwa daga ƙasa ya sake shi cikin iska. Ki shuka shinkafa a gwangwani biyu, ɗaya a ba shi ruwan rijiya, ɗaya ruwan gishiri. Duk wannan ba ya cin ko kwabo, yaron da ya gani da idonsa kuwa zai kai labari gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ke kuma, 'yar'uwa, tsoronki yana da dalili, kada kowa ya ce miki ƙauyanci ne. Akwai mayaudara masu fakewa da sunan aiki a waje su jefa 'yan mata cikin bauta. Saboda haka ku tafi ofishin ƙungiyar da ƙafarku, ke da maigida ko wan yarinyar. Ku tambaya: wa zai biya kuɗin jirgi zuwa da dawowa? A gidan wa za ta sauka? In ta yi ciwo wa zai kai ta asibiti? Nawa za a riƙa ba ta na abinci? Aikinta na gida yana jiranta? A ba ku amsa a rubuce, da sunan makarantar da na shugabanta. Ku nemi wadda ta taɓa tafiya ta dawo, ku ji ta bakinta. A yi mata allurar shawara, ta tafi da gidan sauro. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi masu yawa a asirce, ko ya ce shi zai riƙe mata fasfo, ku guje shi. In kuwa akwai maganar aure a ƙasa, a zauna a daidaita tun kafin tafiya, kada a bar ta a rataye.

In amsoshin nan sun gamsar da ku, ni dai shawarata ki sa mata albarka ta tafi. Tarbiyyar da kika yi mata shekara ashirin da wani abu ba za ta zube a shekara biyu ba. Za ta dawo da abin da ba a saye a kasuwa, yaran Zariya kuma su ne za su ci ribarsa.

'Yan makaranta, ku ma kada ku jira sai jirgi ya zo. Wadda ba ta taɓa shuka darbejiya ɗaya a ƙofar gidansu ta raine ta ba, me za ta koya wa 'ya'yan wasu? Ku fara da ƙannenku a wannan damina.

Wadda ta taɓa yin irin wannan tafiya, ko ta saki 'yarta ta yi, ta rubuto mana mu ƙaru. Allah ya kiyaye mana zuriya, amin. Sai mako mai zuwa.

Taku,
Uwargida