Jigo Ba Kayan Hadda Ba Ne

Maganar da wani shugaban makaranta ya yi a taron iyaye da malamai makon jiya ta zaga gari, kuma abin takaicin shi ne yadda mutane suka yi na'am da ita. Wai iyaye su daina wahalar sayen littattafan adabi, 'yar takardar taƙaitawa ta wadatar, in kuma an ba yaro aikin gida a kan jigo, ya tambayi waya. Wannan kisan adabi ne da rana tsaka, ko daga bakin wa ya fito.

Dubi abin da ake yi wa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An ƙunshe littafin gaba ɗaya cikin kalma guda: bauta. Yaro ya haddace, ya juye a takarda, malami ya ba shi maki. To, ina uwar Umar? Matar da ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ita ma ta faɗa hannun masu bayi, aka ƙetare hamada da ita, ba ta sake sa shi a ido ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta rasu jim kaɗan bayan haɗuwarsu. Ɗalibin da bai karanta wannan wuri ba, bai ji ƙirjinsa ya yi nauyi ba, wallahi bai san littafin ba, ko da ya cinye WAEC da NECO a haɗe. Ga kuma tambayar da takardar taƙaitawa ba za ta taɓa yi masa ba: yaya aka yi Umar ya zama babban malami ta hannun Abdulkarim, Balaraben da ya raba shi da ƙasarsa? Inda alheri da zalunci suka cakuɗe haka, a nan nazari yake.

Waƙa ta fi shan wuya. Aliyu Namangi ya tsara Infiraji ne don a rera, kuma makafi sun yi shekaru suna rera ta a kasuwanni da ƙofofin gidaje. Yau ɗalibi zai rubuta "wa'azi" ya tashi, bai taɓa jin muryarta ba. Alhali malaman da suka shimfiɗa hanyar feɗe waƙa, irin su Abdulƙadir Ɗangambo, ba su ce a faɗi jigo a tsaya ba. Cewa suka yi a warware shi, a kawo hujja daga baitoci, a duba zubi da tsari, a saurari amsa-amo, a bi salo. Waya ba za ta ji wa yaro karin waƙa ba.

Za a ce littafi ya yi tsada, aji ya cika, lokaci babu. Gidan da ke sayen data kowane mako bai isa ya yi mini kukan kuɗin littafi ba.

Kuma wannan ciwo ba yau ya fara ba. Tun shekarun 1990 wasu masana suka tattara littattafan Kano suka maƙala musu sunan adabin kasuwa, suka ce jigonsu ɗaya ne, soyayya. Da sun zauna da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da sun ga Rabi, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara don ya yi amarya, tana fafutukar ciyar da su. Ina soyayya a nan? Masu yanke wa ɗaruruwan littattafai hukunci da kalma ɗaya su ne suka horar da malaman da ke tsaye a gaban 'ya'yanmu yanzu, kuma har yau ban ji ɗayansu ya janye wannan hukunci ba.